Sifiku Biyu Daga Zakka

Ranakun aiki da yawa sun shige ba su bar mini komai ba, amma ban taɓa mantawa da wata Asabar a Safana ba, ranar da na yi wa wani dattijo ƙarya da wayar sifika. Ku yaran shago, kun sha jin ina faɗa a kan auna sifika kafin a jona, har wasunku na kwaikwayon muryata in na juya baya. Ina sane da ku. To yau ku ji inda abin ya samo asali.

Lokacin ina shekara ta tara a shagonmu na hayar kayan sauti a Batsari. Na wuce matakin mai ɗaukar kaya, na wuce na mai jan waya, na zama babban mai haɗi, wato wanda ake kallo in wani abu ya ƙone. Bayan girbin gero aka tura ni Safana, bikin Hajara, autar Baba Iro. Kowa ya san Baba Iro da noma, amma a samartakarsa ya yi kiɗan jitar bes a Jos. Da ya dawo gida ya ajiye kiɗa, sai dai bai rabu da kayansa ba. Hajara ta tashi tana jin labari, ba ta taɓa jin ya kaɗa ba. Abu ɗaya ta roƙa kafin a kai ta ɗakinta, shi ne ya kaɗa mata ko sau ɗaya.

Da safe ya fito da kayan a naɗe cikin tsohon bargo: firi'am mai kwalabe da amfilifayarsa, duk sun girme ni. Ga wanda bai san aikin ba, firi'am ba ya tura sifika. Aikinsa ya karɓi siririn sautin jita, ya gyara shi, ya ba shi kauri, sannan ya miƙa wa amfilifaya, ita ce mai ƙarfin girgiza sifika. Na Baba Iro wutar ɗari da goma suke ci, tamu kuwa ta ninka haka, don haka sai da na sa taransifoma mai rage wuta tsakaninsu da janareta. A bayan amfilifayar an rubuta kada a yi ƙasa da om huɗu, om kuwa shi ne ma'aunin da ke nuna nauyin da sifika ke ɗora mata. Sifikunmu biyu kowace om takwas ce, in aka jona su gefe da gefe sun koma huɗu, daidai iyakarta. Lissafin yakan ba baƙo mamaki: duk sifikar da ka ƙara ta wannan hanya, lambar raguwa take yi, nauyin da ke kan amfilifaya kuma ya ƙaru.

Na kunna firi'am, muka jira kwalaben suka yi ja, sannan na kunna amfilifaya. Baba Iro ya ja tsirkiya ɗaya, har kwanukan da ke kan tebur suka amsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce hayaƙin janareta ne, alhali janaretan na can bayan katanga.

Bayan azahar dangin ango suka iso, uban angon Ardo Bello na gaba. Bayansa ƙanensa ne a kan babur, ya ɗauro manyan sifiku biyu da igiyar roba tun daga rugarsu ta wajen Zakka. Kun san yadda hanyar nan ta rasa tsaro a shekarun nan, mutum ba ya ɗauko kaya mai jan ido sai da dalili mai ƙarfi. Aka sauke su a gabana, aka ce gudummawar Ardo ce. Mu kuwa a wajenmu ba a mayar da gudummawa, balle ta suruki.

Na ja Baba Iro gefe na ce, "Baba, in na ƙara waɗannan om biyu za mu koma. Amfilifayar ba za ta kai rabin waƙa ba za ta ƙone, kuma babu inda za a samo kayanta."

Ya ce, "Na sani, Lawal. Na riga ka sanin wannan akwatin. Haɗa."

"To Hajara fa, Baba?"

Ya kalli wajen da Ardo ke zaune ta gefen ido, irin kallon surukai. "Mutum ya ɗauko kaya tun daga Zakka. Da wane baki zan ce a aje? Haɗa, in ta ƙone ta ƙone."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya yi shekara talatin yana kare abu daga ƙura da ɓera, yau zai ƙona shi a gaban 'yarsa don kunya. Sai na yi dabarar da masu aikinmu da yawa ke yi, ba sa dai faɗa. Na jona waya a sifikun Ardo, na bi da ita ƙarƙashin tabarma, na ɗaure ɗaya bakin a ƙafar tebur. Na sa kiɗa daga wayar hannu ana cin abinci, sauti na tashi daga namu biyu, kowa na gyaɗa kai. Har ina yaba wa kaina wayo.

Can sai Ardo ya taso. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali da mutanen Batsari, ya tambayi gajiya. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a jikin sifikarsa. Ya matsa ya ɗora a ɗayar. Ya zo ya ɗora a tamu, wadda ke rawa kamar injin niƙa. Ya bi wayar da ido har inda ta shige tabarma, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Ya koma can ƙarshen rumfa ya zauna. Jim kaɗan na ga ƙanensa ya fara warware igiyar robar nan a kan babur. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san akwai hanya, tun ina mai jan waya aka koya mini ita. Sai dai tana buƙatar yanka waya da durƙuso a ƙasa na rabin awa, ƙaryar kuwa minti biyu ta ɗauke ni.

Da aka idar da sallar la'asar na sami Ardo a bakin masallaci, na rage tsawo na ce, "Ranka ya daɗe, ban jona sifikunka ba. Na ji tsoron kada kayan Baba Iro su ƙone. Amma akwai yadda za a yi su shiga duka, in ka ba ni dama."

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To, gwada."

Na kashe amfilifaya tukuna, sannan firi'am. Na sa mita a sifikun Ardo, kowace ta nuna shida da ɗoriya, wanda ke nufin om takwas ce, don mita ƙasa kaɗan take nunawa. Na ɗauki tamu ɗaya da tasa ɗaya na jera su bi da bi, baƙar wayar wannan ta shiga jar waccan, suka zama goma sha shida. Na yi wa sauran biyun haka. Sannan na jona jerin biyu gefe da gefe, lissafi ya dawo takwas, ya ma fi wa amfilifayar sauƙi a kan na safe. Na yi amfani da wayar sifika mai kauri, don siririyar wayar jita ba ta ɗaukar wannan ƙarfin. Na sake aunawa sau biyu. Na kunna firi'am, na jira ya yi ɗumi, amfilifaya daga ƙarshe, na riƙa ƙara murya kaɗan-kaɗan, hannuna ɗaya a bayanta ina jin zafinta.

Baba Iro ya rataya jita. Yatsunsa sun yi tauri da fartanya, ya yi tuntuɓe sau biyu a farko, sannan kiɗan ya zauna masa. Daga cikin gida guɗa ta tashi, aka fito da Hajara bakin zaure a lulluɓe, kafaɗunta na motsi. Ban san ko kuka take ko dariya ba. Waƙa uku ya kaɗa, muka tsaya kafin ƙarfe biyar don baƙin da suka zo daga Runka da Zakka su kama hanya da rana. Amfilifayar ko zafin kirki ba ta yi ba.

Ina naɗe waya Ardo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Mi yetti, Malam, na gode. Amma da ka faɗa mani tun farko, da hannuna zan aje su. Ni ma ba na ɗora ma bijimi abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya yi mani zafi, ka ɗauke ni wanda ba zai gane ba."

Na ci gaba da naɗe wayata, maganarsa kuwa har yau tana kunnena.

Ku da kuke tasowa, za a riƙa kawo muku sifika a wajen biki, wata mai kyau, wata ta sha ruwan sama. Ku auna kowace kafin ku jona, ku yi lissafinku, kada kunya ta sa ku ƙona kayan mutane. Amma in ba za ta shiga ba, ku ja mai ita gefe ku gaya masa dalili da bakinku. Mutanenmu sun san nauyi, sun san abin da ya fi ƙarfin abu. Raini ne ba sa mantawa.