Lamba Ɗari da Takwas a Madarunfa

Jama'a, abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya samu, kuma na rantse da Allahn da ya halicce ni ban ƙara mishi gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin haɗa rezo, wato layin intanet, da wayoyin buro, wato ofis, a Maraɗi, aka turo ni Madarunfa wani buron ƙungiyar manoma da ke raba iri. Sun canza akwatin intanet ɗinsu, to shi kuma akwatin da ke raba kira zuwa wayoyin tebur yana nan a kan tsohon adireshi, lambobin nan da na'urori ke gane juna da su, saboda haka kira daga waje ba ya shiga. Ga damina ta kawo kai, mutanen garuruwan Gabi da Safo da Sarkin Yamma suna ta kira su ji ranar karɓar iri, shiru, wasu har sun ɗauro amalanke sun zo sun koma hannu wofi.

Na iso da hantsi a kan moto. Daraktan wurin, Mushe Sani, ya karɓe ni da fara'a, amma sai ya ja ni gefe ya ce wai ko akwai dabarar da za a gyara ba tare da an taɓa adireshin ba. Na ce babu. Sai ya ce wanda aka turo kafin ni ya soma aikin, ya maida komai yadda yake, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Ni kuwa a lokacin jinina na tafasa, na ce a raina ragon ma'aikaci ne kawai.

Na buɗe ordinata, wato kwamfuta, na shiga cikin akwatin ta nan. Wayoyi bakwai na ƙirga da idona a buron, daga ɗari da ɗaya zuwa ɗari da bakwai, amma a jerin sai na ga takwas, kuma ta takwas ɗin tana nuna alamar tana kan layi. Na tambayi sakatariya Madam Rabi ina ɗari da takwas take, sai ta sunkuyar da kai ta ce ta mangaza ce, ɗakin ajiyar iri, ta Malam Habu mai kula da iri, kuma Malam Habu ya cika shekara uku da rasuwa. Na ce Allah ya jiƙan shi, na ci gaba da aikina, don tsohon suna a jeri ba baƙon abu ba ne a sana'armu.

Bayan azahar na rubuta sabon adireshi, na kashe akwatin na kunna. Wayoyin suka ɗauke, suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ban gama murna ba wayar teburin Madam Rabi ta hau ƙara, rana tsaka, mutane na kai da kawo a waje, kuma a fuskar wayar an rubuta 108. Matar nan ta miƙe tsaye ta manne da bango. Na ɗauka.

Muryar dattijo ce, a hankali, ba faɗa ba tsawa, ina ma jin wani abu kamar ana zuba gero a buhu a bayan shi. Ya yi sallama, na amsa. Ya ce, "Yaro, ka tashi sauran wayoyin ka bar ni. Maida mu inda muke."

Wallahi na tsorata, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma abin da ya biyo baya haushi ne, don na ɗauka wani ne ke son ya yi wasa da hankalina. Na aje wayar na ce a buɗe mini mangaza. Mai gadin buron, Baba Nomau, wani tsoho daga gidan masu bin al'adar gargajiya, shi ya kawo mabuɗi. Muka shiga, buhunan iri har rufi, ya nuna mini wani kwali a lungu, na buɗe, ga wayar nan ƙura ta rufe ta, babu igiyar rezo, babu ta kuran, wato wutar lantarki, an ma naɗe igiyar hannun da tsumma. Na bi bango na sami ramin da ake soka ta, na ga ɓeraye sun cinye igiyar tun daga tushe.

Baba Nomau ya ce shi ba ya ganin mugun abu ne. Wai Malam Habu shekara ashirin yana amsa manoma a ɗakin nan, ya san kowa da sunan uban shi da girman gonar shi, mutum irin wannan ba ya jin an sallame shi. Ya ce in maida, a zauna lafiya. Mushe Sani ma ya goyi bayan shi, ya ce gara su riƙa amfani da salularsu. Na ce salular wa manomin Gabi ya sani? Lambar buro ce a rubuce a takardunsu. Na ce musu ni an aiko ni in yi wa masu rai aiki, kuma ba zan bar garin nan ba sai kira ya shiga.

Muna komawa wayar ta sake ƙara. Wannan karon na ja kujera na zauna kafin in ɗauka, na yi bisimilla na riga shi magana. Na ce, "Baba, ban san ko wane ne kai ba. In Malam Habu ne, ka yi aikinka ka gama, Allah ya saka maka. Amma ba zan maida ba. Mutanenka na can suna kira ba mai amsa musu, ga ruwa ya kusa sauka."

Zubar geron nan ta tsaya. Can sai ya ce, "To ba ni sabon adireshin."

Na ce, "Ba zan ba ka ba."

Na kife wayar, na goge ɗari da takwas daga jeri, na canza kalmar sirri ta akwatin, na ɗauko wayar kwalin na ɗaure ta a bayan motona. Kafin la'asar kira na farko ya shigo daga Safo, Madam Rabi ta amsa tana share hawaye. Na tsaya har aka tashi, ba abin da ya sake faruwa, na kama hanyar Maraɗi ina jin kaina kamar wanda ya ci kokawa.

Bayan sati biyu na koma in duba aikin. Komai lafiya, jerin bakwai cif. Ina zaune sai ga wata tsohuwa daga Gabi ta zo karɓar irin wake, tana ta godiya, wai ranar Juma'a ta sa an kira mata, dattijon buro ya amsa, ya tambaye ta jikin mijinta da sunan shi, ya ce ta zo yau Litinin. Madam Rabi ta dube ni na dube ta. Ranar Juma'ar nan buron a kulle yake, duk sun tafi taro Maraɗi. Na binciki tarihin kira, ga kiran tsohuwar nan, minti huɗu, an amsa, amma gurbin da ake rubuta wayar da ta amsa fari fat.

Mushe Sani ya tambaye ni ko yanzu zan maida. Na ce ko yau aka sake aiko ni abin da zan yi ke nan. Har na bar aikin ban maida ba, ban kuma san wa ya ba dattijon hanya ba, ni dai ba ni ba ne.

'Yan uwana masu wannan sana'a, in kun shiga buro kuka ga lamba ta fi wayoyi yawa, ku tambayi ta wa ce kafin ku taɓa komai, ku yi wa mai ita addu'a, sannan ku yi aikinku kada ku fasa. Amma in ta yi ƙara, shawarata ku bar ta ta gaji don kanta. Ni da na ɗauka, har yau ba na iya sa waya a kunnen dama, wanda na ji muryar nan da shi.