Malam Halidu Kalla, Mai Raken Tama

Haihuwa, Karatu da Aure

An haifi Malam Halidu Kalla a shekarar 1931 a garin Tama, ƙasar Buza. Mahaifinsa Kalla manomin gero ne, mahaifiyarsa Tabawa kuwa mutuniyar Ibohamane ce. Ya sauke Alƙur'ani a 1946, amma bai shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba. A 1953 aka ɗaura masa aure da Cima, wadda suka zauna tare har ƙarshen rayuwarsa.

Zuwan Rake

A 1975, bayan fari da tsadar esansi, wato man mota, wasu ma'aikatan gona suka zo da irin rake, suka bayyana cewa hukuma na nufin gwada tatsar alkol daga ruwansa domin gaurayawa da man mota. Jama'a suka ƙi, saboda a fahimtarsu barasa ce. Marigayin ya nemi fatawar limamin gari, wanda ya ce abin da mota za ta sha ba ya ɗaukar hukuncin abin da mutum ke sha. Daga nan ya dasa rake a rabin garkarsa, gidaje goma sha ɗaya suka bi sahunsa.

A 1979 aka dakatar da gwajin ba tare da an kafa injin tatsar alkol ɗin ba. Rake ya nuna babu mai ɗauka, waɗanda suka bi shawararsa suka ɗora masa laifi, kuma bai musa ba. Ya sayar da raƙuminsa, ya tafi ƙasar Sakkwato, inda ya yi kwana arba'in yana koyon dafa mazarƙwaila, ya komo da matsin rake na ƙarfe wanda bijimin sa ke juyawa. A fili ya kafa shi, ya ce na duk wanda ya dasa rake ne.

Farin 1984

A wannan shekara gero bai yi ba, sai dai rijiyoyin kwari ba su ƙafe ba, don haka rake ya yi. Mazarƙwailar Tama ce aka riƙa musanyawa da dawa a kasuwar Madawa, kuma cikin gidajen nan goma sha biyu babu wanda ya yi ƙaura.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 3 ga Maris 1989, bayan jinyar mako biyu. Aka yi jana'izarsa bayan la'asar a maƙabartar gabas, magidantan da suka taɓa zarginsa su suka ɗauki makararsa. Ya bar matarsa Cima da ƴaƴa huɗu: Alhusaini, Zalika, Bilal da Dije. Allah Ya saka masa da Aljanna.