Alhaji Ya Koma Fillanci

Aikina a asibiti shi ne taimaka wa manya su dawo da maganarsu idan ciwo ya ƙwace ta, da duba waɗanda haɗiya ke yi wa wuya. Na daina yi wa dangi wannan bayani tun ranar da wata gwaggona ta ce ashe duk karatun da na yi a Kano na koya wa tsofaffi "ba, bi, bu" ne. A asibitin ma, nan Kazaure, ba a cika tunawa da ni ba sai an rasa wanda za a kira.

Wata safiya aka rasa wanda za a kira, aka aiko mini daga ɗakin maza. Na tarar da wani dattijo kwance, babban dillalin hatsi ne da aka sani a kasuwannin Roni da Gwiwa. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na dama ya shanye. Bakinsa bai mutu ba, magana yake yi, amma ba Hausa a ciki ko kalma ɗaya. Fillanci yake ta jefowa guntu-guntu. A rugar Fulani aka haife shi, ya shigo gari yana yaro, ya yi kasuwanci da aure da 'ya'ya duk da Hausa, har mutane suka manta daga inda ya fito.

Babban ɗansa na tsaye a kansa, ma'aikacin sakatariya, shadda na ta ƙyalli. Kafin in gama gaisuwa ya sanar da ni asalinsu.

"Mu fa Fulani ne gaba da baya, Malama. Ai kin ga hancin."

Na ce na gani, masha Allah, kuma na ji daɗi, don ni ba na jin Fillanci, ga shi Allah ya kawo mini tafinta har gida. Daga baya na ji cewa yana da muƙami a wata ƙungiyar raya al'adu, kuma a falonsa akwai sanda da malafa rataye a bango, sandar da ba ta taɓa ganin bayan saniya ba.

Dattijon ya dube mu ya ce, "Ndiyam."

"Me Baba yake cewa?" na tambaya.

Ɗan ya gyara hula. "Godiya yake yi miki."

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu nono ya san ruwa ake nufi. Na ɗaga kofi, dattijon ya miƙo hannun hagu da sauri. Na gwada haɗiyarsa da cokali tukuna, na ga ba ya ƙwarewa, sannan na ba shi ya sha.

"Eh, ai ruwan yake godewa," in ji ɗan.

Matar dattijon, Hajiya, tana zaune kan tabarma a gefen gado. Bahaushiya ce 'yar Roni. Da ɗan ya fita amsa waya, ta matso ta ce mini a hankali, "'Yar nan, duk zamanmu da Hausa yake yi mini faɗa. Yanzu ko faɗan na rasa." Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da ninke bakin mayafinta.

Na yi musu bayani cewa wani lokaci ciwon yakan taɓa harshen da mutum ya koya daga baya, ya bar masa ragowar wanda ya sha a nono, kuma Hausar na iya dawowa kaɗan-kaɗan idan an yi aiki. Ɗan ya tambaya ko ba allurar da za a yi a huta. Masu dubiya kuwa kowa ya zo da digirinsa. Wani ya ce a shafa masa zuma a harshe, wani ya ce a riƙa yi masa magana da ƙarfi. Wannan shawarar ta biyu ta karɓu sosai, har marasa lafiyan ƙarshen ɗaki suka san ana yi wa Alhaji sannu. Kunnensa kuwa lafiya ƙalau.

Na ce ina buƙatar mai jin Fillanci na gaske, wanda kuma ya san Alhaji. Hajiya ta ce yana da yaya mace a wata ruga bayan Gwiwa, amma sun daɗe ba sa shiri. Ɗan ya ce hanyar ba kyau, tsohuwar kuma ba ta saba da asibiti ba. Hajiya kuwa ta aika ɗan acaɓa ya ɗauko ta.

Tsohuwar ta iso da ƙwarya a ɗaure cikin zane, siririya, ta girme shi amma ta fi shi ƙwari. Ta tsaya a bakin gado ta ƙare masa kallo, ta faɗi wani abu gajere. Ya kau da kai. Na ce a raina an fara da kyau.

Katunan hotunan da aka ba ni na aiki daga ƙasar waje suka zo, akwai jirgin ƙasa da wani ɗan itacen da ban taɓa ci ba. Na ajiye su, na kwaso cokali da hula da carbi. Na ce, "Goggo, ki tambaye shi sunan wannan." Tana jin Hausa, ta dai fi son a san alfarma take yi idan ta yi ta.

Ta juya ta zuba masa magana mai tsawo, har da nuni da yatsa. Alhaji ya yunƙura, jijiyar wuyansa ta tashi, ya mayar mata da kalmomi a jere.

"Me kika ce masa, Goggo?"

"Na tambaye shi sunan cokali."

"Duk wannan?"

"Da kuma dalilin da ya sa ranar bikin 'yarsa ya bari aka zaunar da ni a zaure tare da masu talla, bai ce wa kowa ni yayarsa ce ba."

"Shi kuma me ya ce?"

"Ya ce mutane sun yi yawa. Ƙarya yake. Cokalin kuma bai sani ba, ya ce masa ƙwarya."

Haka muka yi ta aiki. Ta wurinta na gane Fillancin ma ciwon bai ƙyale shi ba: yana musanya sunayen abubuwa, yana fara zance ya maƙale. Ita kuma ta ƙara da cewa ko da lafiyarsa Fillancinsa na yara ne, bai wuce inda ya bar shi ba. Ta faɗa masa hakan a fuska. Babu littafin da na karanta da ya ce a kawo wa mara lafiya mai tsokanarsa, amma duk ranar da suka yi rigima, ranar yake yin zance mafi tsawo. Sai na riƙa barin su su ɗan taɓa, sannan in ɗaga hula in ce a dawo kan darasi.

Bayan an sallame shi suka ci gaba da kawo shi a adaidaita duk mako. Tsohuwar ta tare a gidan, ta ce ba don shi ba, don Hajiya. Hajiya ta koyi kalmomin ci da sha da ciwo a bakinta, tana faɗinsu a karkace, Alhaji yana gyara mata da fushi. Ta ce mini ta ji sauƙi, faɗa ya dawo.

Hausar ta fara leƙowa ta hanyar gaisuwa, sannan ta hanyar kasuwa. Na sa aka kawo mudu da gero a leda. Yana taɓa geron ya ce, "Sabo ne," da Hausa tsaf, ya kuma yi tsaki saboda tsakuwar da ke ciki.

A lokacin ne ɗan ya gano cewa ciwon mahaifinsa abin alfahari ne. Ya fara gaya wa mutane Baba ya koma tushe. Wata rana ya biyo su asibiti, ya saita waya a fuskar tsohon, wai zai nuna a taron ƙungiyarsu.

"Baba, ɗan yi mana Fillanci."

Alhaji ya dube shi, ya dubi wayar. Bakinsa ya yi ta motsi, muna jira. Can ya ce, da Hausa, "Kai. Fita waje."

Na yaba masa ƙwarai, domin jimla ce cikakkiya, kuma ta dace da wurin. Ɗan bai ga abin yabo ba, amma ya fita.

Hausar ba ta dawo duka ba. Ya samu ta gaisuwa da ta buƙata da ta ƙorafi, sauran kuma yakan cike da Fillanci ko da hannu. Kasuwa ta fi ƙarfinsa, wani ƙaninsa na wajen sana'a ya karɓi rumfarsa. Da damina ta faɗi tsohuwar ta ce shuka ba ta jiran kowa, ta ɗaure ƙwaryarta. Ta biyo ta asibiti ta yi mini sallama, ta ce aikina ba laifi, sai dai na cika lallashi, mara lafiya ba ƙwai ba ne.

Daga nan zuwansu ya ja baya, har suka daina. Na haɗu da Hajiya a wani suna a unguwarsu, ta ce yana nan, da yamma akan fitar masa da kujera ƙofar gida ya yi ta amsa gaisuwar masu wucewa. Ta ce ya matsa a kai shi rugar sau ɗaya, ya wuni can, ya dawo yana cewa yayarsa ba ta iya dama fura ba.