Alidu Ba Ya Kankare Gilashi

Alidu mai wankin mota ne a bakin Zongo, ta hanyar da ke hawa Manhyia. Ya kusa shekara sittin. Daga wani ƙauye kusa da Bawku ya zo Kumasi yana saurayi, ya yi shekara goma sha tara yana fesa wa motoci fenti a Suame, har warin fentin ya taɓa masa ƙirji, likita ya ce ya bari. Sai ya ɗauki bokiti ya kama aiki a wurin wankin motar Alhaji Karimu.

Yawancin motocin da ake kawowa wurin daga arewa suke saukowa. Da damina, motar da ta taso daga Tamale ko Bolga takan iso gabanta duk ƙwari: gina da fara da ƙananan da babu wanda ya san sunansu, sun fashe a gilashi da fitilu da bonet, rana ta gasa su. Ruwan cikinsu yana cin fenti idan aka bar shi kwana biyu. Ɓawonsu kuma yana da kaifi, idan aka goga shi a bushe sai ya zana gilashin.

Saboda haka Alidu ba ya kankarewa. Yakan ja motar inuwa, ya jira ƙarfen ya huce. Ya tsoma tsofaffin tawul a ruwan sabulu, ya shimfiɗa su a kan gilashi da bonet, ya zauna a kan bokiti. Bayan minti ashirin ya ɗaga gefe ɗaya ya taɓa da yatsa. In ƙwaron ya saki, ya share shi da hannu ɗaya, ya ɗauraye tawul ɗin kafin ya sake sharewa. In bai saki ba, ya ƙara ruwa ya koma ya zauna.

Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya ce masa komai. Bara Alhaji Karimu ya sayo injin fesa ruwa, ya kafa doka cewa kada mota ta wuce minti ashirin a wurin. Sauran ma'aikatan suka koma reza da soson waya na wanke tukunya. Alidu ya ci gaba da shimfiɗa tawul. Sau biyu Alhaji ya ja masa kunne, ya kuma faɗa masa a gaban kowa cewa ranar da ya sake tsare mota, ranar zai tattara kayansa.

Ranar ta zo da motar da ta kawo 'yata, ni da ake kira Ticha a unguwa.

Nasira ma'aikaciyar jinya ce a Tamale. Ta rasu ranar Talata bayan jinyar kwana huɗu, tana da shekara ashirin da bakwai. Motar gawa ta unguwarmu ta je ta ɗauko ta, ta iso ranar Laraba da sha biyu da kwata. An tsayar da sallar jana'iza ƙarfe ɗaya da rabi, daga nan a wuce makabartar Tafo. Mata suka shiga da ita ciki don wanka. Uba ba shi da aiki a wannan lokacin. Da Sanni direba ya ce ba ya ganin hanya sosai, sai an wanke gilashi, na buɗe ƙofa na zauna kusa da shi.

Gaskiya ya faɗa. Ya yi ta kunna waifa a hanya, ta dama ƙwarin ta shafe gilashin da su, suka bushe kamar koko a kwano.

Alhaji Karimu ya tarbe mu da kansa. Ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyya, idonsa ya ciko. Sannan ya juya ya ce a sallami duk wata mota, a kama wannan. Kafin ya rufe baki Alidu ya riga ya shimfiɗa tawul a gilashin.

"Alidu, wannan ba ta zama ba ce," in ji Alhaji. "Gawa na jira. Ɗaga tsummokaran nan."

"Bai jiƙu ba, Alhaji."

"Addini ya ce a gaggauta jana'iza. Ko shi ma sai ya jiƙu?"

"Su suna can suna yi mata wanka, ba su gama ba. Ni ma ban gama ba."

Alhaji ya zaro reza daga aljihun wani ma'aikaci, ya nufi motar. Ba mugunta ce ta sa shi ba, girmama gawa yake yi yadda dukanmu muka saba, da sauri. Alidu ya tsaya tsakaninsa da bonet, hannunsa na ɗigar kumfa.

"Ba za ka sa reza a nan ba."

"Wurin nan nawa ne ko naka?"

"Naka ne. Motar kuma ta Zongo ce. Yau 'yar Ticha, jibi ni, ko kai, kuma Sanni ne zai tuƙa. Ka zana gilashin nan, rana ta haske shi a hanyar Kintampo, ya makance da mutum goma a baya. Wa zai ɗauko su? Injinka?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Wayar Sanni ta yi ta ƙara, daga gida ake kira. Alhaji ya leƙo ta tagar da nake.

"Ticha, kai ne mai gawa. Yi masa magana."

Na duba agogo. Ɗaya saura kwata. Na duba tawul ɗin da suka rufe gilashin, ruwa na gangarowa daga gefensu. Na ce, "A bar shi ya yi aikinsa, Alhaji."

Alhaji ya mayar da rezar. Ya ce wa Alidu, a hankali, "Ka gama wannan, ka ɗauki bokitinka."

"To," in ji Alidu. Ya zauna a kan bokitin.

Sau uku ya jiƙa gilashin, domin waifa ta danne ƙwarin sosai. Ya bi gefen robar da yatsa a cikin tawul, ya ɗaga waifa ya wanke bakinta, ya wanke fitilu. Da ya zo bonet Sanni ya kira shi kawu da yaren Asante, ya ce, "Wofa, bar wannan, ba da shi nake gani ba." Alidu bai ko ɗago kai ba. Ya ce yarinyar da ta yi wa mutane jinya ba za ta shiga Tafo da gawar fara a gabanta ba.

Mun isa gida ana shirin tayar da salla, na samu sahu. Bayan sallama aka jira minti shida kafin Sanni ya samu hanyar juyo da motar cikin lungu. Wasu dattawa sun yi gunaguni, sun ce wankin mota ne ya jawo. Na ji su. Na zauna a gaba har Tafo, na ga kowane rami a titin, na ga fuskar kowane mutum da ya tsaya ya ɗaga hannu yana addu'a.

Alidu bai koma wurin Alhaji ba. Da yamma ya zo gaisuwa da bokitinsa a hannu, ya ajiye shi a ƙofa, ya zauna cikin mutane, bai ambaci abin da ya faru ba. Daga bakin Sanni na ji cewa korar ta tabbata.

Yanzu yana ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a Ashanti New Town, yana jido ruwa da jarka, yana tari in ya sauke ta. Motoci uku ko huɗu yake samu a rana. Watan jiya Alhaji ya aiko Sanni ya ce masa ya dawo, amma dokar minti ashirin tana nan. Ina wurin, na kawo motata.

Alidu ya matse tawul, ya shimfiɗa a gilashina, ya gyara gefensa.

"Ka ce ina gaishe shi," ya ce wa Sanni. "Ka ce ba zan zo ba."