Bula a Cikin Yashi

Shekarar da maigidana ya tashi haƙa sabon masai a gidanmu na Kudan, wurin da ya zaɓa yana dab da rijiya. Hankalina ya tashi, don daminar da ta wuce amai da gudawa sun kusa raba ni da autana. Na yi magana, ya ce ƙasa tana tace komai. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe, gara ka yi gardama da turmi.

'Yata tana aji biyar a lokacin. Malamarsu ba ta cika rubutu a allo ba, tambaya take jefa musu ta koma gefe. Ni har tsaki nake yi in yarinyar ta dawo da laka a hijabi. A makon, tambayar ita ce me ya sa ciwon ciki yake yawa da zarar ruwa ya sauka. Yaran suka zagaya unguwa, suka yi ta musu, a ƙarshe suka gwada abin da hannunsu.

'Yar tawa ta san ba ta isa ta gyara wa ubanta zance ba, sai ta nufi kakarta, mahaifiyarsa, wadda suke wasa kamar sa'o'i. Ta cika daro da yashi, ta jiƙa shi, ta yi rami biyu da yatsa.

"Hajiya, ga rijiyarki, ga ramin da ɗanki zai haƙa."

"Ja'ira, kin rasa abokin wasa sai ni?"

Yarinyar ta ɗiga bular wanki a ramin da ta ce na masai ne, ta yayyafa ruwa, wai damina ce. Muna tsaye ruwan ɗaya ramin ya fara shuɗi. Tsohuwa ta daina dariya. Ta aika a kira ɗanta, ta sa aka sake yi a gabansa.

"Da wannan zan yi alwala?" ta ce masa.

Ya daɗe yana kallon daron. Masu haƙa sun riga sun iso da diga. Ya fita, na ji yana ce musu ƙasar wurin ta yi laushi, su koma can ƙarshen gida, bayan rumbu. Na bar masa, shawarar ta zama tasa in yana so. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ina hamdala. Autana ya biyo ni ya ce ƙishirwa yake ji. Na ɗebo a randa na miƙa masa, ban tsaya leƙa cikin moɗar ba kamar yadda na saba tun waccan daminar.