Jar Waya a Bakin Kifin Kanar

Duk wanda ya ce muku tsufa ne ya fitar da Hesta Maidment daga gidan bakin kogi, ku ce masa ni Dokas na ce ƙarya yake yi. Korarta aka yi. A gabana aka fara abin, ina riƙe da faranti, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yayar mijina ce. Ubansu yankan ciyawar kogi yake yi, ita kuma tun tana budurwa aka kai ta wani shago a gari inda 'yan mata ke zama a jere suna ɗaura ƙwarin ƙarya a jikin ƙugiya, irin waɗanda ake yaudarar wani kifin kogi mai suna tirawut da su. Can Amos ya gan ta. Shi ne mai kula da koginmu, ya aure ta ya kawo ta ɗan gidan nan da ke ƙasan gada. Gidan ba nasu ba ne, na ƙungiyar masu fatsa ne, manyan mutane daga Landan, lauyoyi da likitoci da tsofaffin sojoji, waɗanda suka kama hayar kogin tun kafin a haife mu. Da ciwon ƙirji ya kashe Amos, don rabin rayuwarsa a tsaye ya yi ta cikin ruwan sanyi yana yi musu bauta, sai suka ce Hesta ta ci gaba da zama muddin tana ɗaura musu ƙwari. Da baki aka faɗa, kuma kowa a ƙauye ya san ranar da suka ga dama za su iya cewa ta tashi.

Ba zan ce muku Hesta mai daɗin zama ba ce. Bakinta kaifi gare shi, ba ta gaishe ka sau biyu, shayinta kuwa ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Ni kaina mun sha yin kwanaki ba ma magana. Amma in ta zauna bakin tagarta ta matse ƙugiya a ɗan ƙarfen da ke riƙe mata, sai ka tsaya kallo ko ba ka yi niyya ba.

Ƙwaro iri biyu take yi. Akwai mai yawo a saman ruwa, na gashin wuyan zakara, kyakkyawa, wanda mutanen ke soke wa a hulunansu suna taƙama. Dokar ƙungiya ita ce daga ranar da ake buɗe kogi don fatsa har ƙarshen watan Yuni da shi kaɗai za a yi fatsa, wai shi ne fatsar mutanen kirki. To amma kifi bai san da wata doka ba. Yawancin yini a ƙasa yake kiwo, yana tsintar 'ya'yan ƙwarin da ba su yi fiffike ba tukuna. Su ne iri na biyu, kuma a nan Hesta ta fi kowa. Ba ta sa zare ko kaɗan. Wayar tagulla ce siririya kamar gashin kai, sai ta naɗa ta a jikin ƙugiya, ta tara ta wajen gaba ta yi ɗan tozo, don nauyin a nan yake. Sannan ta ciro 'yan silin gashi daga jelar zakaran daji, ta bar tsininsu a baya su zama wutsiya, ta murɗe sauran tare da wayar ta naɗo har gaba, ta lanƙwasa su bisa tozon ta dawo da su, ta ɗaure da wayar ta tsinke. Shi ke nan. Abin ba kyan gani, ka ce kashin ɓera ne, amma yana taɓa ruwa zai nutse ya isa hancin kifi. Wayar kuwa daga matattun rediyoyi take warwarowa, da ƙararrawar ƙofa, da duk wani tarkacen lantarki da aka jefar.

Su waye masu sayen wannan haramtaccen ƙwaron? Su ɗin dai! Ta bayan gida suke zuwa, su ratsa ta cikin kabejinta, su ƙwanƙwasa a hankali. “Uwargida Maidment, ko akwai 'yan ƙananan nan?” Su karɓa su cusa a aljihun ciki. Da yamma kuma su hallara a mashayar da nake aiki, in kawo musu gasasshen naman tunkiya da dankali, ina ji suna tsine wa masu fatsa da nauyi. Wai ba su da bambanci da masu sa tsutsa. Haba! Shugabansu Kanar Melsom ya fi kowa ɗaga murya, shi da ya kawo wa Hesta dainamon tsohuwar motarsa da hannunsa, don wayar cikinsa ja ce wur, kuma ya yi imani jar ta fi kama kifi. Har cewa ya yi kada ta ɗaura wa kowa da ita sai shi.

Akwai kuma wata al'ada da suka gada. In aka tsinci irin wannan ƙwaron maƙale a reshe ko a bakin kifi lokacin da doka ta hana, sai a kira mai kula da kogi a tambaye shi a gaban kowa. Shi kuma ya cire hula ya ce, “Ɓarayin ƙauye ne, ranku ya daɗe.” Sai su girgiza kai, su ce kai, mutanen ƙauye ba su da kirki, a sake cika kofuna. Ba a kama kowa, ba a ambaci sunan kowa. Amos ya faɗi wannan magana har ta zame masa kamar gaisuwa.

A shekarar da nake ba ku labari akwai wani ƙaton kifi a ƙarƙashin gada da ya gagari kowa. Wata ranar Asabar a watan Yuni, da rana tsaka, sai ga Kanar ya shigo mashaya da shi a rungume, fuska kamar gonar auduga. Aka sa ni na kawo babban faranti aka shimfiɗe shi. Ƙwaron saman ruwa na nan a leɓensa, ba wanda zai ce an karya doka. Ana ta yaba Kanar, ana maganar a busar da kifin a sa shi a akwatin gilashi. Sai likitan cikinsu ya sa yatsa ya buɗe bakin, don ya ga haƙora, ya ce, “Af! Mene ne wannan?”

A can kusurwar muƙamuƙi ga ɗan ƙwaron tagulla a kafe, da guntun tsinkakken zaren fatsa a jikinsa. Wato wani ya riga ya soki kifin nan da shi kwanakin baya, kifin ya tsinke ya tsere.

Da Kanar ya yi shiru, da an kira sabon mai kula da kogi ya faɗi abin da aka saba, an wuce wurin. Amma borin kunya ya ɗebe shi. Ya buga tebur ya ce abin ya isa haka, wannan karon sai an kai wani gaban alƙali. Ya ce ai da idonsa ya ga Wat Dredge yana raɓe-raɓe a gada. Ɗan sandan ƙauyenmu kuwa yana gefe da kofin giyarsa, ya miƙe zaune ya gyara ɗamara. Wat mai keken doki ne, talaka tilis, an taɓa kama shi da kifin kogin nan aka yi masa kashedi, kuma kowa ya san in aka sake, gidan yari ne. Kanar ya juyo gare ni.

“Ke, je ki kira mana matar Maidment. Ta zo ta faɗi wanda ya sace mata kaya.”

Na same ta tana warware wata waya a bakin taga. A hanya na zayyana mata komai, na kama hannun rigarta.

“Yaya Hesta, don Allah ki faɗi abin da suke so. Ki ce sace miki aka yi. Gidanki fa!”

“Wat? Wat da ko igiyar takalminsa ba ya iya ɗaurawa, shi ne zai jefa ƙwaro a hancin kifi?”

“Ni ban ce shi ba ne. Ki ce ɓarayi kawai, yadda Yaya Amos yake cewa.”

“Lokacin Amos ɓarayin ba su da suna,” in ji ta. “Sakar mini riga, Dokas, kina yamutsa ta.”

Muka shiga. Ba wanda ya ba ta kujera. Likita ya miƙa mata ƙwaron a tafin hannu, ta ɗauko tabarau ta saka, ta juya shi ta kai shi wajen haske. Kanar ya sassauta murya, irin yadda ake lallashin yaro.

“Uwargida Maidment, ba wanda ya ga laifinki. Mun san aikin hannunki ne, mun kuma san tagarki ba ta kulluwa sosai. An shigar miki, ko ba haka ba? Wannan Dredge ɗin yana yawan bi ta wajenki.”

Wallahi ya sa mata maganar a baki, abin da ya rage ta haɗiye kawai. Ni ina bayansu ina ta gyaɗa mata kai kamar ƙadangare.

“Ba wanda ya shigar mini, ranka ya daɗe,” ta ce. “Naka ne. Jar wayar dainamon motarka ce, kai ka kawo, kai ka ce kada in ɗaura wa kowa da ita. Ranar Litinin ka zo ka karɓa, ka taka mini kabeji.”

Kuna zaton kunya ta kama su? Ina! Likita ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki. Wani lauya ya shiga neman ashana a aljihu, aljihun da na tabbata akwai irin ƙwaron a ciki. Kanar ya yi ja har kunnuwa, sannan ya yi wata 'yar dariya ya dubi abokansa.

“Allah sarki. Tun rasuwar mijinta kanta bai koma daidai ba. Ku bar ta ta tafi ta huta.”

Suka ce haka ne, haka ne, abin tausayi. Ɗan sanda ya shanye giyarsa ya sulale, maganar Wat ta mutu a nan. Kifin ma ba a sa shi a gilashi ba, mu aka ba a kicin muka dafa, kuma ban iya cin ko loma ba.

Ba a jima ba sakataren ƙungiya ya zo gidanta, hula a hannu, baki cike da ladabi. Wai ƙungiya tana bukatar gidan a ƙarshen Satumba. Ta tambaye shi ko ƙarya ta yi. Ya ce a'a, ba maganar ƙarya ko gaskiya ake ba, amma wanda ke zaune a gidan ƙungiya ba ya faɗin abin da ɗan ƙungiya ya ɗaura a zaren fatsarsa, haka aka gada. Ku ji fa! Ƙwaron da suka saya bai karya al'ada ba, mutumin da suka so jefawa kurkuku bai karya ba, sai tsohuwar da ta ƙi cewa “ɓarayi ne”. Na tare likitan a ƙofar mashaya na ce masa, “Yallaɓai, kai ma fa kana zuwa ta cikin kabejin nan, ba za ka ce komai ba?” Ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana, ya ce in kawo masa mustad, yajin nan da suke shafa wa nama. Tir da hali irin wannan.

Ranar tashi Wat ne ya zo da kekensa, ba wanda ya kira shi. Ya ɗora gado da tebur da akwatin gashin tsuntsayenta, yana ta sosa ƙeya, can dai ya kasa daurewa.

“Yaya Hesta, da kin ce ni ne kawai. Gidan yarin nan fa 'yan watanni ne, kafin sanyi na fito. Kuma ai ina satar kifin, da hannu dai nake kamawa. Ke kuwa ga shi kin rasa gida gaba ɗaya.”

“Rufe mini baki, sakarai,” ta ce. “Ka zaci don kyan fuskarka na yi? Riƙe tebur ɗin nan da kyau, ƙafarsa ɗaya na rawa.”

Ɗakinmu na baya muka ba ta, wanda tagarsa ke kallon bangon mahauta. Mijina ya kafa mata ƙarfen ƙugiyarta a bakin tagar, amma hasken bai isa ba, kuma ba ta sake neman waya ba. Mace da ta shekara arba'in tana kwana tana tashi da ƙarar ruwa, sai ga ta tana tambayata wai me ya sa garin ya yi shiru haka. Ba ta yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya, faɗa dai ta ƙara, ni kuma na bar ta ta yi. Sanyi na biyu ya tafi da ita.

Bayan jana'iza na bi ta ƙasan gada don in ga wanda suka saka a gidan da suka ce suna bukata. Ba kowa. Na leƙa ta taga, sai ga ƙusoshi an kafa a bango a jere. A ɗakin da Amos ya cika, nan suke rataye dogayen takalmansu na shiga ruwa, su ɗiga su bushe kafin Asabar mai zuwa.