Ƙahon Illa Ya Je Ibohaman

Madawa

Kafin kiran assalatu muka bar gida, ni da taubashina Illa, wata shekara bayan babban fari. Ya naɗe ƙahon albarushin gidansu cikin tsumma, ya rungume kamar jinjiri. Tun tasowarmu yake cika baki cewa kakan kakansa ya yi yaƙi da shi kafin zuwan Nasara. Sai wani mahauci ya ce a majalisa ƙahon saniyar bara ne. Illa ya rantse ba zai sake zama can ba sai ya kawo shaida. Ni dai na bi shi ne don in sha dariya.

Buza

Kamyon albasa muka hau, muka iso da hantsi, kowa na hawaye ba mutuwa aka yi ba. A shinge wani jandarma ya zare tsumman.

"Wanga makami na?"

Illa ya buɗe ƙirji. "Na yaƙi ma, ranka shi daɗe!"

Na taka masa ƙafa. Jandarman ya leƙa ciki, ya yi atishawa, ya ce mu wuce.

Keita

Hanyar duwatsu ce, ta kaɗa mana hanji. Da la'asar muka sauka gidan wata gwaggonmu, ta ba mu fura mai kauri. Ita ta tabbatar mana tsoho Agali maƙeri, masanin kayan da, wanda muka fito nema, yana da rai a Ibohaman, kuma tsohon soja ne.

Ibohaman

Da safe muka tarar da shi a gindin maƙera. Ya juya ƙahon, ya shinshina bakinsa.

"Na mutanen da, bakinsu baƙi na, ga warin albarushi, zanensu layi-layi. Wanga taba yas sha." Ya nuna da farce. "Mi kaka gani nan?"

"Mikiya," in ji Illa.

Agali ya ce, "Mikiya mai taya biyu?"

Wayyo, na yi dariya har na kwanta! Jirgin sama ne ƙuru-ƙuru. Ga mutum da jar dara a gefe, ƙafafu a naɗe da ƙyalle irin na soja. Agali ya ce aikin sojojin babban yaƙin Nasara ne. Harsashi aka ba su, ba su da buƙatar albarushi, amma in kewa ta dame su a bariki sukan sassaƙa ƙaho da ƙusa su aiko gida.

Illa ya yi tsuru-tsuru. Tsohon ya shafa toka a ɗaya gefen, zanen da datti ya rufe ya fito: rumbu biyu, da mace da goyo.

"Wa aka ɗauka soja gidanku?"

"Babana. Ina goye. Bai dawo ba, ko saƙo bai aiko ba."

"To, wanga fa? Ga ka nan bayan innarka."

Dariyata ta tsaya cak. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Komawa

Mun iso Madawa lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa gwaggo da Agali. Illa ko wanka bai yi ba ya nufi majalisa. Mahaucin ya taso da murmushi.

"Ina kakan kakan naka?"

Illa ya ce, "Babu shi. Ka yi gaskiya, ba tsoho ba na. Matso ka ga yadda babana ya zana ni."